Yadda za ka zaɓi kibod mai waya, siriri, marar ƙara don aikin ofis a Saudiyya

Ka leƙa ƙaramin ofishin kamfanin Umara a unguwar Aziziyya ko Misfala ta Makka a cikin watan azumi. Mutum huɗu ko biyar ne a ɗaki ɗaya, kowa da tarin fasfo a gabansa, kowa na dukan kibod ƙwas-ƙwas-ƙwas, ga kuma wani a gefe ya toshe kunne ɗaya da yatsa yana ƙoƙarin jin abin da alhaji yake faɗa masa a waya. Wannan damuwar ce ke samun mai aikin fassara da daddare a ɗakin da yake kwana da abokan zama a Jidda, da malamar da ke shirya darasin Islamiyya bayan yara sun yi barci. Maganin ba shi da tsada, amma sai an san abin da ake nema. Rubutun da ke jikin kwali cewa kibod ba ya ƙara bai isa hujja ba, kuma mu da muke buga Hausa da Larabci da Turanci a kan allo ɗaya muna da wata buƙata da mai kanti ba zai tuna da ita ba.

Dalilin zaɓar mai waya

Mai waya ba ya neman batir, ba ya neman caji, ba ya yankewa a tsakiyar aiki. Kana sokawa ya fara aiki, har a lokacin da kwamfuta take tashi kafin Windows ta buɗe. Akwai kuma batun tsaro: a 2016 masu bincike na kamfanin Bastille sun nuna cewa wasu kibod marasa waya masu araha suna aika abin da ake bugawa ba tare da an kulle shi ba, ta yadda wanda ke kusa da ƙaramar na'ura zai iya kamawa. Wanda yake shigar da lambar fasfo da lambar iƙama (katin izinin zama) da kalmar sirri ta shafukan hukuma irin su Absher ko Muqeem duk yini ya kamata ya ɗauki wannan da muhimmanci. Kuma da kuɗi ɗaya, mai waya ya fi inganci, domin ba a kashe komai a kan batir da rediyo ba.

Mataki na farko: san abin da ke ƙarƙashin maɓalli

Iri uku za ka tarar a kasuwa, kuma daga nan ne rabin zaɓin yake ƙarewa.

Na farko shi ne mai ƙoƙon roba. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai ɗan ƙoƙo na roba. Idan ka danna sai ya lotsa ya haɗa layukan lantarki da ke kan wata siririyar leda. Yawancin kibod ɗin da ake haɗowa da kwamfutar ofis irinsa ne, kamar Dell KB216 da Logitech K120 da HP 125, kuma dukkansu ana samun su da haruffan Larabci, a ƙasa da riyal ɗari. Saukarsa tana da taushi, don haka ba ya yin amo mai kaifi. Matsalarsa ita ce hular maɓallin tana zamewa ne a cikin wani bututun filastik da ke da ɗan sarari, sai ta riƙa kaɗawa hagu da dama. Wannan kaɗawar ce kake ji kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani. Idan ya tsufa kuma, robar takan yi tauri, manyan maɓallai su riƙa cijewa in ka danna su ta gefe.

Na biyu shi ne mai almakashi, irin wanda ke jikin laftof. Shi ma da ƙoƙon roba yake aiki, sai dai an ɗora hular a kan wasu ƙananan sanduna biyu na filastik da suka gitta juna kamar almakashi. Su ne suke riƙe hular ta sauka daidai ko ta ina ka taɓa ta, ba kaɗawa, ba cijewa. Nisan da maɓalli yake nutsawa gajere ne, tsakanin milimita 1 zuwa 2.5, alhali na kibod mai tsayi yakan kai milimita 4. Gajeren nisa yana nufin yatsa ba ya samun filin da zai tara ƙarfi ya buga. Ga mai neman shiru da siranta a wurin aiki, wannan ne ya fi dacewa, kuma shi muke ba da shawara a fara nema. Cikin masu waya da aka sani akwai Cherry Stream da Cherry KC 6000 Slim. Raunin mai almakashi ɗaya ne: sandunan nan ƙanana ne ƙwarai, idan ɗaya ya karye gyaransa da wuya, kuma yashi ba ya yi musu daɗi.

Na uku shi ne mai makunni a ƙarƙashin kowane maɓalli, da sifirin, wato murɗaɗɗiyar waya ta ƙarfe, a ciki, wanda 'yan wasan kwamfuta suka fi so. A da duk masu tsayi ne, amma yanzu akwai gajeru: Cherry MX Low Profile yana nutsawa milimita 3.2, Kailh Choc kuma milimita 3. Gajerun makunnai makamantansu ne a jikin Keychron S1 da Logitech G815. Suna daɗewa, suna da daɗin bugu, amma a gaskiya gajarta ba ta sa su yin shiru. Filastik ne yake dukan filastik a sauka, ya sake duka a tashi. Ana rarraba su da launi: shuɗi yana yin ƙyas da gangan a kowane danni, don haka kada ka kusance shi in kana zaune da mutane; mai ruwan ƙasa yana da ɗan tudu da yatsa yake ji; ja yana sauka sumul, shi ne mafi sauƙin ƙara a cikinsu. Ko jan ma ya fi mai almakashi amo, sai fa wanda aka ce an sa masa 'yan matasai na roba a ciki don kashe ƙara. Kuɗinsu kuma ya ninka na sauran sau da yawa, kuma samun mai haruffan Larabci a cikinsu ya fi wuya. In ba ka riga ka saba da su har ba ka iya rabuwa ba, ka bar su.

Daga ina ƙarar take fitowa

Wuri huɗu ne. Akwai saukar maɓalli a ƙasa, akwai komawarsa sama, akwai kaɗawar manyan maɓallai, akwai kuma teburin da kansa.

Manyan maɓallai su ne masu tona asiri. Dogon maɓallin tazara, da Enter, da Shift biyu, da Backspace, da sifiri da alamar tarawa na gefen lambobi, duk suna da wata siririyar waya ta ƙarfe a ƙarƙashi wadda take hana su karkacewa. In ba a matse ta da kyau ba, ko ba a shafa mata maiko ba, kowane danni sai ta yi kacau. Kibod zai iya zama shiru a kan haruffa amma maɓallin tazararsa ya cika ɗaki, kuma shi ne wanda kake bugawa bayan kowace kalma. Masu rubuta Larabci da wasulla sun fi kowa jin wannan, domin a tsarin Windows wasali bisa yana kan Shift da Q, wasali ƙasa Shift da A, rufu'a Shift da E, ɗauri Shift da X. Wanda yake buga aya ko hadisi da cikakken wasali kusan ba ya sakin Shift. In Shift ɗin mai kacau-kacau ne, shafi ɗaya ya isa ya tashi mai barci.

Tebur kuwa ganga ne. Teburin ƙarfe mai rami a ciki, ko na gilashi, ko siririn katako marar nauyi, yana ɗaukar girgiza ya ƙara mata murya. Shimfiɗar tebur ta roba da ƙyalle mai kaurin milimita 3 ko 4, wadda za ta ɗauki kibod da linzami gaba ɗaya, tana rage wannan sosai, kuma sau da yawa ta fi sauya kibod amfani. Haka nan kibod mai nauyi, mai farantin ƙarfe a ciki, ya fi marar nauyi shiru, domin ba shi da fanko a ciki da zai amsa amo. In kana yawan taro ta Zoom ko Teams, kada ka ajiye makirufo a kan teburin da kake bugu. Girgizar tana bin katako ta shiga cikinsa kai tsaye, abokan taro su ji fiye da abin da kai kake ji.

Mataki na biyu: harsuna uku a kan allo ɗaya

Nan ne aka fi yin kuskure, kuma nan ne ya kamata ka fi tsayawa.

Fara da haruffan Larabci. Ka nemi wanda aka buga su a jikinsa tun daga masana'anta. Sitika tana ɓarewa da zafi da gumi, gefenta ya tara datti, ta kuma rufe 'yan tudun nan biyu da ke kan F da J (ba da ta a Larabci) waɗanda yatsa yake laluba ya gane mazauninsa. A siririn kibod ma ta fi muni, domin hular shimfiɗaɗɗiya ce, kaurin sitika yana sauya yadda take ji a hannu. In ka ƙyalla ido a kan wani kibod da ba shi da Larabci, akwai shagunan kwamfuta da suke zana haruffa da hasken leza. Wannan ya fi sitika nesa ba kusa ba, amma ka gama gwada kibod ɗin tukuna, domin da zarar an zana ba a mayarwa.

Sai ka duba inda harafin zalun (ذ) yake. Windows tana da tsarin Larabci fiye da ɗaya. A wanda ake kira 101, zalun yana can sama hagu, kafin lamba 1. A 102 ya koma gefen Enter. In abin da aka zana a kibod bai yi daidai da tsarin da aka zaɓa a kwamfuta ba, za ka danna zalun ka ga wata alama ta fito, ka zaci kibod ne ya lalace. Ba lalacewa ba ce, ka shiga saitin harshe ka sauya tsarin. Kwamfutar Apple kuma tana da nata jerin Larabcin daban, amma akwai zaɓin da ke bin tsarin PC a cikin saitinta. Irin wannan ne ke faruwa a Turanci: in ka nemi @ ka ga alamar zance ta fito, tsarin Ingila ne aka saka a kan kibod ɗin Amurka, ko akasin haka.

Da siffar Enter ma ana gane iri biyu. Mai dogon Enter a kwance yana da maɓallai 104, mai Enter a tsaye kamar juyayyen L yana da 105, da gajeren Shift na hagu. Duka biyun suna yawo a kasuwar Saudiyya. Babu wanda ya fi wani, amma ka sayi irin wanda hannunka ya saba da shi a laftof ko a ofis, in ba haka ba ɗan yatsanka zai yi makonni yana faɗawa kan maɓallin da ba shi kake nufi ba.

Yanzu ga abin da ya shafe mu kai tsaye. Kalli layin ƙasa, dama da maɓallin tazara. Dole ka ga Alt na dama da Ctrl na dama. Masu ƙera siraran kibod suna yawan cinye waɗannan biyun don rage faɗi, su sa Fn (maɓallin da ke sauya aikin wasu maɓallai) a wurinsu, kuma tun 2024 wasu sababbi suna sa maɓallin Copilot a wannan gefen. Alt na dama shi ne ƙofar haruffa masu lanƙwasa: in ka ƙara tsarin Hausa a Windows, riƙe shi da k yana ba da ƙ, da d ya ba da ɗ, da b ya ba da ɓ, da y ya ba da ƴ, in ka haɗa da Shift su fito manya. In babu shi, sai ka koma haɗa Ctrl da Alt na hagu, wanda a Word yana iya karo da wasu umarnai na manhajar. Wanda yake rubuta wasiƙa ko fassara ga alhazai bai kamata ya bar bambancin ƙasa da kasa, ko ɓata da bata, a hannun sa'a ba. Ctrl na dama kuwa, tare da Shift na dama, shi ne yake juya sakin layi ya fara daga dama a Word da sauran manhajoji. Na hagu biyun su mayar da shi hagu. Mai haɗa Larabci da boko a takarda ɗaya yana yin wannan sau da yawa a rana. Kibod ɗin da ya rasa waɗannan maɓallai biyu, kome kyansa da shirunsa, ba naka ba ne.

Mataki na uku: da gefen lambobi ko babu

Cikakken kibod yana kai santimita 44 zuwa 46 a faɗi. Wanda aka cire masa gefen lambobi kusan 36. In aikinka shigar da lambobi ne, iƙama mai lamba 10, lambar waya, kuɗin otal, lissafi a Excel, ka ɗauki cikakke, babu ja. In rubutu ne zalla, gajeren ya fi, domin linzami yana matsowa kusa da jiki, kafaɗar dama ta huta da miƙewa. Akwai hanya ta tsakiya: gajeren kibod da ɗan allon lambobi daban, ka jawo shi ranar lissafi, ka ture shi sauran kwanaki.

Ka kuma duba layin sama. Siraran kibod da yawa sun mayar da F1 zuwa F12 na ƙara sauti da haske, sai ka riƙe Fn kafin su yi aikinsu na asali. Mai Excel yana rayuwa ne da F2 da F4. Ka tambaya ko ana iya kulle Fn ɗin. In ba a iya ba, ka nemi wani. Home da End da Delete su kasance da nasu mazaunin, kuma a sami ɗan fitilar da ke nuna Caps Lock da Num Lock, domin kalmar sirri ba ta nuna abin da kake bugawa, kuma wasu shafuka suna rufe asusu bayan kuskure kaɗan.

Tsayi da wuyan hannu

Amfanin siririn kibod ba ado ba ne. Idan gaban kibod ya yi tudu, sai ka tanƙwara wuyan hannu sama kafin yatsu su hau, kuma awa takwas a haka ne yake kawo tsami da jin kamar ana tsira allura a yatsu. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO kan kayan ofis ta fi son layin tsakiya kada ya wuce milimita 30 daga tebur. Masu almakashi suna ƙasa da haka sosai, shi ya sa ba sa buƙatar matashin hannu. Ƙafafun nan biyu na baya ka bar su a naɗe. Ɗaga su yana sa ka ga haruffa da kyau, amma yana ƙara tanƙwarar hannu, yana kuma buɗe fanko a ƙarƙashi da ke ƙara amo. Ka daidaita kujera har gwiwar hannu ta zo daidai da saman tebur, kafaɗa a sake.

Hannun da ya saba da tsohon kibod yakan ci gaba da duka da ƙarfi a kan sabo, sai kan yatsu ya yi zafi saboda nisan gajere ne. Ka ba shi mako ɗaya ko biyu kana sassautawa. Da saukin hannu ne sauran ƙarar take tafiya.

Waya da bakinta

Yawancin masu waya suna zuwa da faffaɗan bakin USB, tsawon wayar mita 1.5 zuwa 1.8. Ka auna daga inda kibod zai zauna zuwa bayan kwamfuta, musamman in tana ƙasan tebur, ka bar rara. In laftof ɗinka ƙananan ramuka na USB-C kawai gare shi, ɗan mahaɗi ya wadatar. Wayar da ake cirewa daga jikin kibod ta fi, domin wuyan waya ne yake fara mutuwa, kuma a sauya waya ya fi a sauya kibod. Mai fitila a ƙarƙashin haruffa yana da amfani ga mai aiki a duhu, amma ka tabbatar hasken yana ratsa haruffan Larabci ma, domin a wasu na Turanci kawai yake haskawa. Irin wannan ka soka shi kai tsaye a jikin kwamfuta. Ramin USB na tsohon tsari miliamfiya 500 kawai yake bayarwa, in ka raba shi da na'urori huɗu a kan ƙaramin marabi marar wutar kansa, fitilar za ta riƙa ƙyaftawa, kibod ya riƙa ɗaukewa.

Mataki na huɗu: gwaji a kanti

A Jarir ko eXtra ko shagunan kwamfuta na unguwa, in akwai na nuni a buɗe, kada ka ji kunyar taɓawa. Sai dai ka tuna kanti yana da hayaniya, ga mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) yana huci, don haka komai zai yi kamar shiru. Ka sunkuya ka kawo kunne kusa.

Ka fara da maɓallin tazara: danna shi a can ƙarshen hagu, sannan tsakiya, sannan ƙarshen dama. Sautin ya zama ɗaya, mai kauri, ba kacau ba, kuma ya sauka daidai ba tare da ɗaya gefen ya maƙale ba. Ka yi wa Shift biyu da Enter da Backspace haka. Sannan ka ɗora tafin hannu a kan haruffa ka goga hagu da dama ba tare da ka danna ba. In ka ji suna ƙaraurawa, haka za su yi maka duk yini. Ka danna harafi ɗaya a kusurwarsa, ka sake shi farat ɗaya, ka saurari komawarsa. Ka ɗaga kibod ɗin da hannu biyu ka ɗan murɗa: mai kyau ba ya lanƙwasa, ba ya kuka. Ka ajiye shi a shimfiɗaɗɗen wuri ka danna kusurwoyi huɗu ka ga ko yana rawa, ka juya ka duba robobin ƙafa, su zama manya, aƙalla huɗu. A ƙarshe ka buga cikakkiyar jimla da saurin da ka saba, ba a hankali irin na mai gwaji ba.

In kana kwatanta biyu, manhajar auna sauti ta waya za ta taimaka. Lambar da take nunawa ba ta zama daidai ƙwarai ba, amma in ka ajiye wayar a wuri ɗaya, tazarar kamu ɗaya daga kowanne, bambancin da ke tsakaninsu gaskiya ne. Bambancin desibel 10 kunne yana jinsa kamar ninki biyu.

Saye da fatura

In ta intanet za ka saya, a Amazon ko Noon, ka karanta bayanin kaya da kyau, domin sau da yawa hoton na Turanci ne zalla alhali an rubuta akwai Larabci, ko akasin haka. Ka duba wane ne mai sayarwar, ka duba sharaɗin mayarwa kafin ka biya. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta ba mai saye kwana 7 ya mayar da kayan da bai yi amfani da su ba, don haka ka buɗe kwali a hankali, kada ka yaga, kada ka yar da ledar ciki. Kayan lantarki sababbi suna da garantin shekara 2, kuma fatura, wato rasidin saye, ita ce shaidarka. Ka karɓi mai lambar QR, ka tabbatar farashin ya haɗa da harajin kashi 15 cikin ɗari, ka ɗauki hotonta nan take, domin takardar na'urar kanti tana kodewa fari fat a cikin zafi kafin 'yan watanni. In aka hana ka haƙƙinka, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900.

Na hannu da ake samu a Haraj, shafin tallar kaya na intanet, ko wurin masu kwashe kayan ofisoshi yana da araha, amma mai almakashi na hannu sai ka gwada kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya. Hular da ta ɗan karkace alama ce ta karyayyen sanda a ƙasa.

Ranar farko a gida

Ka soka, ka buɗe Notepad, ka bi layi-layi ka danna komai, har da gefen lambobi. Ka sauya harshe da maɓallin Windows da na tazara, ka gwada zalun da lam'alif da ke kan B, ka gwada wasulla. Ka koma Hausa ka buga Ƙ da Ɗ da Ɓ manya, domin maɓalli uku ne a lokaci ɗaya, kuma kibod mai araha wani lokaci yakan kasa gane wasu haɗe-haɗen uku. Ka yi wannan gwajin da dare, mukayyif a kashe na minti biyu, a kan teburin da za ka yi aiki. A nan ne za ka ji ainihin muryarsa.

Ƙura, shayi da zafi

Ƙurar wannan ƙasa ba ta neman izini, ko taga a rufe take. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin gajeren maɓalli ta isa ta hana shi sauka. Apple ta ga haka da siririn tsarin da ta fito da shi a 2015, wanda ƙura take maƙalar da shi, har ta koma wa almakashi daga ƙarshen 2019. Don haka ka rufe kibod da ƙyalle in ka tashi, musamman lokacin guguwar ƙura. Sau ɗaya a mako ka cire waya, ka kifa shi, ka ɗan bubbuga bayansa, ka bi tsakanin layuka da burushi mai laushi. Iskar gwangwani ka fesa ta a karkace, gajeru-gajeru, gwangwanin a tsaye. Saman maɓallai ka goge da ƙyalle da aka ɗan jiƙa da sifirit mai ƙarfin kashi 70, kada ka zuba kai tsaye. Kada ka ɓamɓare hular mai almakashi don wanki. 'Yan ƙugiyoyin da ke riƙe ta sun fi ƙwayar shinkafa ƙanƙanta. Kada kuma ka bar shi a mota da rana a lokacin zafi, filastik yana kwantsarewa, mannin robobin ƙafa ya narke.

Kibod da aka ce yana jure ruwa yana da iyaka. Logitech ta ce ta gwada K120 ne da abin da bai wuce mililita 60 ba, wato ƙasa da ƙaramin kofin shayi. In shayi ko gahawa ya zube, ka fizge waya nan take, ka kifa shi a kan tawul, ka bar shi aƙalla kwana biyu kafin ka sake sokawa. Ruwa zalla yakan bushe ya tafi. Sukari da madara su ne suke daskarewa su manne maɓallai. Kada ka busa masa iska mai zafi ta na'urar busar da gashi.

Wasu matsalolin kuma ba na kibod ba ne sam. In ya daina amsawa sai ka daɗe kana dannawa, wataƙila ka riƙe Shift na dama daƙiƙa 8 ne, Windows ta kunna tsarin tace danni. In Shift ya riƙa maƙalewa bayan ka sake shi, ka danna shi sau 5 a jere ne, ta kunna tsarin manne maɓalli. Masu wasulla suna yawan faɗawa cikin duka biyun. Ka shiga saitin sauƙaƙa amfani, sashen kibod, ka kashe su, ka kuma kashe gajeriyar hanyar da take kunna su. In gefen lambobi yana motsa alama maimakon rubuta lamba, Num Lock ne a kashe. In lambobi suna fitowa da siffar Larabci alhali na boko kake so, saitin yanki ne na Windows ko na Word. In kibod yana ɗaukewa bayan kwamfuta ta yi barci, ka mayar da shi ramin bayan kwamfuta, ka kashe dakatar da USB a saitin wuta. Sai in harafi ɗaya ne yake fitowa biyu-biyu, ka busa ƙura bai daina ba, ka gwada a wata kwamfuta ya yi haka, to wannan kam kibod ne: ka ɗauko hoton faturarka ka koma kanti.